AMSAR WASIƘUNKU: Ina saƙona ya maƙale?

 A wannan mako jakarmu ta cika da kuka iri ɗaya, har na ga gara in ajiye sauran tambayoyi sai mako mai zuwa, mu tsaya a kan magana guda, wato saƙon da aka aiko, aka biya kuɗinsa, amma bai iso ba. Wasiƙu biyu zan karanta, dukansu kuwa daga ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi suka fito, can bakin iyakarmu da Jamhuriyar Benin.

Ta farko daga wani manomi ce a yankin Illo. Ga abin da yake cewa:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ni manomin shinkafar rani ne a fadamar kogin Kwara. Injin ban-ruwana ya lalace, makaniki ya ce sai an sayo wani ƙarfe a Kano. Ƙanena ya saya, ya kai ofishin wani kamfanin kai saƙo, suka karɓi kuɗi, suka ce cikin kwana 3 za a kawo mini har gida. A rana ta 5 aka buga mini waya sau ɗaya, ina cikin gona inda magana ba ta fita sosai. Daga nan shiru. Da ƙanena ya koma wurinsu sai suka ce wai an zo ba a same ni ba. Malam, wa ya zo? Garinmu ko baƙuwar akuya ce ta shigo sai an sani. Sai bayan kwana 19 na gano ashe kayan na ajiye a Birnin Kebbi, na biya kuɗin mota na je na ɗauko da kaina. Kafin nan rabin shinkafar ta ƙone. Shin laifin wane ne, kuma ina da wani hakki?"

To, Malam, da farko dai Allah ya mayar maka da alheri. Wanda bai taɓa tsayawa yana kallon shukarsa tana bushewa alhali ga kogi a gabansa ba, ba zai san zafin abin da ka rubuto ba.

Bari in gaya maka yadda abin yake tafiya, don a nan amsar take. Yawancin kamfanonin nan manyan motocinsu tsakanin birni da birni suke zirga-zirga. Daga Kano zuwa Sakkwato ko Birnin Kebbi ba wuya, kwana ɗaya ko biyu kaya sun sauka. Wuyar tana farawa ne daga inda ofishinsu na ƙarshe yake. Daga Birnin Kebbi zuwa Bagudo tafiya ce mai tsawo, sannan mai zuwa Illo ko Lolo ko Ka'oje ko Tsamiya sai ya ƙetare kogi, ko ta gadar Tuga ko a kwale-kwale. Yaron da aka ba kwalinka a ofis ya duba takarda, ya ga sunan garin da bai taɓa zuwa ba, ya lissafa man da zai sha, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sai ya ga kuɗin da aka ba shi ba za su kai shi su dawo da shi ba. Sai ya buga waya sau ɗaya don ya fita hakki a gaban maigidansa, ya rubuta "ba a same shi ba", ya jefa kwalin a lungu. Ka ji inda saƙonka ya kwana 19. Saƙo ba kasafai yake ɓata a babban titi ba, a zangon ƙarshe yake maƙalewa, inda ba wanda aka ɗora wa nauyinsa da suna.

Laifin wa ke nan? Laifin wanda ya karɓi kuɗin "har gida" alhali ya san motarsa ba ta zuwa gidan. Alkawari kaya ne. Ko a fikihunmu na Malikiyya, malamai sun yi bayanin cewa mai jirgin ruwan da aka yi hayarsa don ɗaukar kaya ba ya cin ladansa sai ya kai kayan inda aka yi sharaɗi. Ku mutanen bakin Kwara kun fi kowa sanin haka, don ba wanda ke biyan mai kwale-kwalen da ya sauke shi a tsakiyar ruwa.

Batun hakki kuwa, ƙwarai kana da shi, muddin rasidin na hannunku. Ƙanenka ya koma ofishin da aka karɓi kayan, ba da faɗa ba, da takarda. Ya rubuta ranar da aka ba su, da ranar da suka yi alkawari, da ranar da ka ɗauko da kanka, ya nemi a mayar da kuɗin kaiwa gida da na motar da ka biya. Ya yi kwafi biyu, su sa hannu a ɗaya ya riƙe. In sun ƙi, akwai ƙofa biyu. Ta farko hukumar gidan waya ta ƙasa, NIPOST, wadda aka kafa a 1985 bayan an raba tsohuwar ma'aikatar P&T gida biyu, ita da NITEL. Tana da sashen da ke ba kamfanonin kai saƙo lasisi, yana kuma karɓar ƙorafi a kansu. Ta biyu hukumar kare hakkin masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa. Sai dai ba zan yaudare ka ba, Malam, kuɗin aike kana iya samu, amma kuɗin shinkafar da ta ƙone da wuya, domin a bayan rasidin nan akwai ƙananan rubutu inda galibinsu ke iyakance abin da za su biya. Shi ya sa magana ta fi amfani kafin a miƙa kaya, ba bayan sun ɓata ba.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Tsamiya, ta ce jikanta ne ya rubuta mata. Tana cewa 'yarta na aure a Kandi ta ƙasar Benin, ta haɗo turamen atamfa da kayan shafa don bikin ƙanwarta, ta ba wani direba ya kawo. Ranar ta zo ta wuce, ba direba ba kaya. Daga baya aka ji jami'an kwastan sun kama motar saboda buhunan shinkafar waje da ya ɓoye a ciki. Aka yi biki ba atamfa. Tana tambaya, tunda an ce mu da Benin duk 'yan ECOWAS ne, me ya sa kayanta za su tafi a laifin wani?

Hajiya, sannu da haƙuri, Allah ya sanya albarka a auren. Gaskiya ne ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a 1975, ta amince tun 1979 cewa ɗan ƙasashenta na iya shiga wata ƙasar ƙungiyar ba tare da biza ba har kwana 90. Amma wannan sauƙi na mutum ne. Kaya suna da tasu doka. Tun 2016 Nijeriya ta hana shigo da shinkafar waje ta kan iyakokin ƙasa, kuma idan aka kama mota da kayan da aka haramta, motar da abin da ke cikinta ake tsarewa. Kayanki ba su yi laifi ba, abokin tafiyarsu ne ya ja musu. Abin da za ki yi shi ne ki tura namiji babba cikin dangi ya tafi ofishin kwastan da motar take, da rasidin sayen atamfar in akwai, da wani shugaban tashar da direban ke lodi, a rubuta takardar roƙo a nuna kayan biki ne na amana. Ba na ce lallai za a sake su ba, amma mai takarda a hannu ya fi mai rantsuwa samun kunnen jami'i.

Wani zai ce, to me ya hana a bi ta gidan waya? Ana iya bi, kuma ga takardu masu muhimmanci ma ita na fi so. Nijeriya da Benin duk suna cikin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Bern na ƙasar Suwizalan a 1874, kuma a ƙa'idarta mai saƙo na da wata 6 ya shigar da neman bincike in saƙonsa bai isa ba. Sai dai saƙon ƙasashen waje ba ya tsallake iyaka kai tsaye. Wasiƙar da za ta je Segbana, garin da ke ƙetaren Tsamiya, sai ta gangara kudu ta bi ta manyan ofisoshin musayar saƙo, ta faɗa Kwatano, sannan ta sake hawo arewa. Tafiyar da ɗan kabu-kabu zai yi da hantsi ya dawo kafin la'asar, ita sai ta yi makonni. Shi ya sa mutanen iyaka suka dogara da direbobi, kuma ba na ganin laifinsu. Amma ku tuna hanyar direba ma ba ta da tabbas. A watan Agustan 2019 da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, an wayi gari ne kawai aka ga an datse, sai a Disambar 2020 aka fara buɗe wasu, ta Kamba kuwa sai a Afrilun 2022. Duk wanda kayansa ke hanya a lokacin ya ji a jikinsa.

Ni ma jiki magayi. Sa'ad da nake koyarwa a wata firamaren ƙauye, kafin in shigo aikin rediyo, an taɓa aiko mini da takardar kiran ganawa don neman wani aiki, ta hannun wani direba. Mutumin kirki ne, ba ya cin amanar kowa. Sai dai ya cusa ambulan ɗin a aljihun mota ya manta, sai da ya zo neman takardun motarsa ya ci karo da shi, bayan kwana 9 da yin ganawar. Da na zauna na yi tunani sai na ga wanda ya aiko bai sanar da ni ba, ni ban san da saƙon ba balle in je tasha in jira, direba kuwa ba wanda ya tuna masa. Mu uku, kowa ya ɗauka nauyin na wani ne. A makarantar nan kuwa, duk wasiƙar da aka rubuta "ta hannun Hedimasta" ba ta taɓa ɓata ba, saboda akwai mutum guda sananne wanda in ba a gani ba shi za a tambaya.

To jama'a, ga abin da nake so kowa ya riƙe, ko kamfani zai ba ko direba.

Na farko, kafin ka biya, ka tambaya ƙarara: "Ina ne ofishinku na ƙarshe, kuma wa zai ɗauka daga nan?" In sun ce Birnin Kebbi ko Jega ko Yawuri suke tsayawa, kada ka biya kuɗin har gida. Ka biya zuwa nan, ka shirya wanda zai karɓa.

Na biyu, adireshi. Garuruwanmu ba lambar gida, ba sunan titi. "Malam wane, Bagudo" ba adireshi ba ne. Ka rubuta gari, da unguwa, da alama sananniya, kamar kusa da masallacin Juma'a, ko gidan hakimi, ko bakin kasuwa. Ka sa lambar waya biyu, taka da ta wani mai shago ko malamin makaranta wanda wayarsa ba ta rabuwa da caji. In saƙon Benin zai tafi, a sami wanda ya iya Faransanci ya rubuta, a kuma rubuta a jikin kwalin kansa, don takardar da aka manna tana iya ɓallewa.

Na uku, in direba za ka ba, ka ba shi a cikin tasha, gaban shugabannin ƙungiyar direbobi ko ɗan kamasho sananne, a rubuta a littafi. Ka ɗauki lambar motar da ta wayarsa, ka kira mai karɓa nan take ka gaya masa. Direban da ka tare a bakin hanya don ragin 'yan kuɗi kaɗan, in kaya sun ɓata ba inda za ka kai ƙara. In kuma iyaka zai tsallaka, ka tambayi mutanen tasha irin lodin da ya saba yi.

Na huɗu, ka faɗi gaskiyar abin da ke ciki da kuɗinsa, a rubuta a rasidi. Wanda ya ce tsummoki ne don a rage masa kuɗi, ranar da kaya suka ɓata kuɗin tsummoki za a lissafa masa. Kada kuma a sa tsabar kuɗi, naira ko sefa, a cikin kwali.

Na biyar, abin da rai ko gona ko jarrabawa ta rataya a kansa, irin su magani, da ƙarfen inji a tsakiyar rani, da takardar shaidar makaranta ta asali, in da hali a tashi mutum takanas. Kuɗin motar mutum ɗaya zuwa Kano da dawowa bai kai rabin gonar shinkafa ba. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ku manoman rani da ke da ƙungiya, ku duba ƙarafan da suka fi saurin lalacewa ku saya ku ajiye tun kafin a fara ban-ruwa.

Ku kuma masu kamfanonin kai saƙo, na san kuna saurare. Ba wanda ya ce dole ku je kowane ƙauye. Amma ku faɗi iyakar inda ƙafarku take kaiwa. Ko kuwa ku nemi wakili amintacce, mai shago guda a Bagudo, guda a Ka'oje, guda a Illo, inda za a riƙa sauke kaya mutane su zo su sa hannu su karɓa. Mutanen nan suna da shinkafa, suna da albasa, suna da kifi da shanu, suna kuma da 'yan'uwa a Malanville da Kandi da Kano da Ikko. Ciniki na nan ga wanda ya riƙe amana.

Malam na Illo da Hajiya ta Tsamiya, ina fatan za ku sake rubuto mana mu ji yadda aka ƙare. Duk wanda kuma ya taɓa bin hakkinsa ya samu, ya rubuto mana hanyar da ya bi don wasu su amfana.

A nan za mu dasa aya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.