Sojan Haya a Gasar Makarantu: Kofin Wa Muke Ɗagawa?

Laccar da aka gabatar ga shugabannin makarantu, malaman wasanni da iyayen yara na ƙananan hukumomin Anka, Gummi da Bukkuyum

  

Maganata ta yau a kan abin da kowa a zauren nan ya sani ce, sai dai ba a cika faɗarsa a bainar jama'a ba: ɗauko sojan haya ya buga wa makaranta ƙwallo a gasa.

Mun san yadda ake yi. Gasa ta matso, sai malamin wasanni ya hau babur ya nufi filin da kulob ɗin gari ke atisaye. A zaɓo ƙarti biyu ko uku, wani ya gama sakandare tun tuni, wani ma yana da shago a kasuwa. A aske masa gemu ƙwal, a ara masa yunifom ya ɗauki hoto, a cusa sunansa a ƙasan rajista da biro mai launi dabam. Ranar wasa ya sa riga mai lamba tara, ya ture yaro ɗan shekara sha huɗu kamar ba mutum ba. A can gefen fili kuwa, ga yaron da ya kwashe zango guda yana zuwa atisaye bayan la'asar, wani lokaci babu ko takalmi, an ce masa ya riƙe jarkar ruwa.

Wannan cuta ba ta talauci ba ce kaɗai. A ƙasar Niyu Zilan, inda ƙwallon zari-ruga take tamkar ƙwallon ƙafa a wurinmu, an yi irin wannan rigima a watan Disamba na 2018. Makarantu goma na birnin Auckland suka haɗa kai suka ce ba za su ƙara shiga fili da wata makarantar kuɗi mai suna St Kentigern ba, saboda ta janyo gwanayen 'yan wasa biyar daga wasu makarantu ta hanyar ɗaukar nauyin karatunsu. Makarantar ta ce ba ta karya wata doka ba. Sauran suka ce ko doka ba ta hana ba, adalci ya hana. Ku lura, yaran nan ɗalibai ne na gaskiya, shekarunsu daidai, suna shiga aji. Duk da haka aka ga rashin dacewarsa. To ina ga namu, da ake kawo wanda ko ƙofar ajin bai sani ba?

Mu a Najeriya mun riga mun ɗanɗana kuɗar wannan hali. Ƙasarmu ta ci kofin duniya na ƙananan yara har sau biyar: 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Amma a 1989 hukumar FIFA ta dakatar da mu shekara biyu daga gasannin matasa, domin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa uku da suka je Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka bayar a baya. A dalilin haka aka ƙwace mana karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991, aka kai ta Fotugal. A 2009, lokacin da aka yi gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a nan gida, har da filayen Kano da Kaduna da Bauci, FIFA ta shigo da hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru. A 2016 wannan gwaji ya zubar da 'yan wasanmu 26 ana dab da karawa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da mu alhali kofin duniya yana hannunmu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kuma ba a Abuja aka fara haƙa shi ba. A filayen makarantu irin namu aka fara.

Na san hujjar masu yi. Suna cewa kowa na yi, in ba ka yi ba a lallasa ka a gaban mutanen garinku. Suna cewa kofi yana ɗaga sunan makaranta. Amsata ita ce, makaranta ba kulob ba ce. Kano Pillars tana da damar sayen ɗan wasa daga ko'ina, domin sana'arta ke nan. Haka ta ɗauko Ahmed Musa, haifaffen Jos, ya fi kowa cin ƙwallo a kakar 2009 zuwa 2010. Sana'ar makaranta kuwa tarbiyya ce. Ranar da shugaban makaranta ya buga hatiminsa a kan takardar wanda ya san ba ɗalibinsa ba ne, ya koya wa yara ɗari biyar darasin da zai biyo su har zauren jarabawa da rumfar zaɓe. Addininmu ya yi hani mai tsanani a kan algus, kuma bai ware filin wasa ba.

Sai dai akwai wata gaɓa da ta shafi yankinmu musamman, ina roƙon a saurare ta da kyau. Ba kowane sabon ɗalibi ne sojan haya ba. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, iyaye sun kwaso 'ya'yansu sun shigo cikin gari. Bayan sace ɗalibai mata na Jangebe a watan Fabrairu na 2021 an rufe makarantu, yara da yawa suka rasa shekara ɗaya ko biyu, yanzu sun girmi ajinsu ba da laifinsu ba. Wasu daga cikinsu ma tsaran yaran da gubar dalma ta hallaka ne a 2010, a garuruwa irin su Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma, inda aka rasa yara sama da 400. Wanda Allah ya tsallakar da shi daga waɗannan masifu, ya zo yana neman ilimi, zalunci ne a hana shi riga don kawai baƙo ne. Ma'auninmu ya zama guda: karatu ya kawo shi, ko kofi aka kawo shi ya ciyo?

Saboda haka ina ba da shawara huɗu. Ta farko, kowace makaranta ta miƙa sunaye da hotunan 'yan wasanta tun farkon zango, a rufe rajista kafin a fitar da jadawali. Ta biyu, kada a amince da takardar rantsuwar kotu ita kaɗai. A haɗa da rajistar kiran suna da sakamakon jarabawar zangon da ya wuce. Ta uku, yaron da gudun hijira ya kawo, hakimi ko dagacinsa ya shaide shi, a bar shi ya buga. Ta huɗu, idan an kama maguɗi, hukunci ya hau kan manyan da suka sa hannu, a ƙwace kofin, kada a huce a kan yara.

Iyaye, ku ma da naku aikin. Ku ne kuka san ɗan wane da ɗan wane. In kun ga baƙon ƙato cikin rigar makarantar 'ya'yanku, kada ku yi masa tafi. Ku je ofishin shugaba ku tambaya.

'Yan'uwana malamai, ina roƙonku mu fita daga zauren nan da alkawari guda: a gasar bana, duk wanda zai sa rigar makarantarmu, ɗalibinmu ne da muke kiran sunansa kowace safiya. In an cinye mu, mu koma atisaye. Allah ya shirya mana zuri'a, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara.