Lacca: Motsa Jiki a Kan Na'urar Girgiza da Sinadaran Homon na Mata Masu Faibromayaljiya

Faibromayaljiya ciwo ne da ke game jiki na tsawon wata 3 ko fiye, tare da kasala, rashin barci mai nauyi da yawan mantuwa. Ya fi kama mata. Gwajin jini da hoton ƙashi ba sa nuna shi, domin matsalar tana cikin yadda ƙwaƙwalwa da laka ke ƙara wa saƙon zafi ƙarfi. A 1990 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta kafa ma'aunin gane shi: jin zafi a wurare 11 cikin 18 idan an danna. A 2010 aka sauya ma'aunin, aka koma kan alamomin da mai ciwon ke bayyanawa.

Alaƙarsa da homon ta biyo ta hanyar barci. Jiki yana sakin mafi yawan homon ɗin girma ne a cikin barci mai nauyi, hanta kuma ta amsa da sinadarin IGF-1 mai gyaran tsoka. Binciken Robert Bennett a jihar Oregon ya nuna ƙarancin IGF-1 a wasu masu ciwon. Kotizol, homon ɗin da ke tashi lokacin tashin hankali, shi ma kan rikice.

Na'urar girgiza faranti ne da ake tsayawa a kai yana karkarwa sau da dama a daƙiƙa, tsoka tana tsukewa tana saki da kanta. A 2000 Carmelo Bosco da abokansa suka ga homon ɗin girma ya ƙaru, kotizol ya ragu a samari masu lafiya bayan hawanta. A Basalona, Alentorn-Geli ya gwada ta na tsawon mako 6 ga mata masu faibromayaljiya. Rahoton 2008 ya nuna zafi da kasala sun ragu, amma na 2009 bai ga IGF-1 ya canza ba. Ke nan sauƙin da aka samu ba a tabbatar ta homon ya biyo ba. Bitar ƙungiyar Cochrane ta 2017 ta ce hujjar amfanin na'urar tana da rauni ƙwarai.

A Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, irin wannan koke kan zo da sunan ciwon jiki ko sanyi, a yi ta shan maganin zazzaɓin cizon sauro da na kashe zafi daga kemis. Dogon shan irin su diklofenak yana ɓata ciki da ƙoda. Fargabar 'yan bindiga da gudun hijira suna hana barci, rashin barci kuwa yana tsananta ciwon. Jijjigar babur a hanya mai gargada ba magani ba ce, daɗewa a kanta ciwon baya take jawowa.

Shawarar likitocin gaɓoɓi na Turai ta 2017 ta ba motsa jiki ne kaɗai cikakken goyon baya: tafiya a ƙasa, miƙe gaɓoɓi da ƙarfafa tsoka, a fara kaɗan a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Kafin a ɗora wa ciwo sunan faibromayaljiya, wajibi ne likita ya duba ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo da amosanin gaɓɓai, domin alamominsu kan yi kama.