Jikokin 'Yan Kurmi da Akwatin Zaɓe
Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani, unguwar Kirkissoye, Yamai



Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia a Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardun zama mako biyu ya tattara nasa ya nasa. Cikin waɗanda aka loda a manyan motoci har da dubban 'yan Nijar, Hausawa da Zabarmawa, wasunsu a Kumasi aka haife su. Wannan takarda ta dubi waɗanda suka rage a zango, wato unguwannin baƙi, da 'ya'yansu da jikokinsu.

Kakannin sun je kurmin Gana da fataucin goro da shanu, wasu dako a kasuwa, wasu aikin ma'adinai. Makarantar boko kuwa galibi ta mishan ce, don haka suka riƙe yaransu a allo. Hakan ya tsare addini, amma ya bar zango a baya wajen aikin gwamnati. Sai a 1987, zamanin Jerry Rawlings, aka kafa sashen ilimin Musulunci a ma'aikatar ilimi, makarantun Islamiyya suka fara haɗa Arabiyya da boko. A zamaninsa ne kuma ranakun Sallah suka zama hutun ƙasa.

Abin da ake mantawa shi ne, da can zango ba ya gaba da ɓangaren Busia. Jam'iyyar Musulmi ta shekarun 1950 adawa ta yi da Nkrumah kamar Busia, har Nkrumah ya kori jigonta Alhaji Amadu Baba na Kumasi a 1957. Korar 1969 ce ta juya akalar. Jam'iyyar NPP, magajiyar Busia, ta gaji wannan tabo, abokiyar hamayyarta NDC ta kwashi ƙuri'ar zango. Mazaɓar Asawase a tsakiyar Kumasi take, cibiyar NPP, amma tun 2005 Muntaka Mubarak na NDC ke riƙe da kujerarta.

NPP ba ta zauna ba. Ta ba Aliu Mahama mataimakin shugaban ƙasa a 2001. A 2017 ta kafa ma'aikata da asusu na raya zango, ta mai da karatun sakandare kyauta, abin da ya taimaki talakan zangon Nima ƙwarai. A 2024 ta tsayar da Musulmi, Mahamudu Bawumia. Duk da haka Asawase da Nima suka tsaya kan NDC. Bawumia dai Mamprusi ne daga Walewale, ba jikan fatake ba, kuma tsadar rayuwa ta yi wa jam'iyyarsa illa ko'ina.

A Amurka, masu asali daga Latin Amurka sun taka irin wannan hanya, sai dai sun ɓulla wani wuri. Ƙudurin 187 na Kalifoniya a 1994, wanda ya nemi hana baƙi marasa takardu makaranta da asibiti, ya tura su hannun Dimokurat. Bayan shekara talatin kusan rabinsu suka zaɓi Trump, har gundumar Starr ta Texas, wadda ta fi ƙarni ba ta zaɓi ɗan Rifablikan ba.

Me ya bambanta su da 'yan zango? A ganin mai wannan takarda, ba digiri ba ne. Jikan ɗan Meziko da ya samu aiki yakan bar unguwar kakansa, ya auri bare, wani ma ba ya jin Sifaniyanci. Jikan ɗan zango ko ya zama lauya, Juma'a tana mai da shi Nima, yana jin Hausa, yana gaban sarkin zango a ɗaurin aure. Har yau kuma wajen yin katin ɗan ƙasa ana iya tambayar mai suna Garba ko Hamani inda aka haifi kakansa, kuma duk ranar da aka yi masa wannan tambaya, 1969 yake tunawa.