Jawabi Kan Matasanmu Masu Sana'ar Bidiyo a Rijiyar Lemo



Tun da aka fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, jama'armu suka ɗauka duk mai saɓe da kyamara ɗan fim ne, har wasu iyaye na hana 'ya'yansu. Alhali yaranmu mazauna Rijiyar Lemo ba da wasan kwaikwayo suke ci ba. Ranar Asabar suna wajen saukar Alƙur'ani a Islamiyya, Lahadi suna Sabon Gari suna ɗaukar mawaƙan coci, Litinin kuma makarantar kuɗi a Fagge na jiran tallar minti biyu.

Ɗaukar ba ita ce wahalar ba. Wahalar tana gaban kwamfuta, inda za a tace aikin awa uku ya koma minti uku, a gyara murya, a ɗora rubutu, ana tsaka da haka wuta ta ɗauke. Bayan duk wannan sai ɗayanmu ya zo ya ce ai na gida ne, ya biya yaro da godiya. Ni kaina na taɓa yi, kuma ina jin kunya.

Kwanan baya na ɗauko kaset ɗin taronmu na farko, na tarar ya yi fumfuna. Yawancin dattawan da suka yi magana a cikinsa sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu.

Roƙona shi ne a ware kuɗi a kasafin bana, a tura yaran nan gida kafin damina su ɗauki tarihin garinmu daga bakin waɗanda suka rage, a kuma biya su yadda Sabon Gari ke biyansu.