Cinikin Biri a Sama: Kafin Alƙalami da Farashin A-kori-kura Mai Lantarki a Amurka



Gabatarwa

Mai yiwuwa wani ya yi mamakin abin da ya kai malamin harshe cikin zancen motoci. Dalili kuwa shi ne, ciniki da magana a ke ƙulla shi, kuma yawancin rigimar da ke biyo bayansa a kan ma'anar kalma ta ke tasowa. Abin da wannan lacca za ta duba shi ne wata al'ada da ta yi ƙarfi a Amurka daga shekarar 2019, watau kamfani ya nuna samfurin a-kori-kura mai aiki da lantarki tun bai ƙera ta ba, ya faɗi kuɗinta, sa'an nan ya nemi jama'a su ajiye ɗan wani abu don su kama layi. Tambayarmu guda ce: mutumin da ya ajiye wannan kuɗi, me ya saya?

Matakan Ciniki a Hausa

Kafin mu haye teku, ya kamata mu tuna da yadda harshenmu ya rarrabe matakan ciniki, domin da su za mu yi awo. Mai kaya yakan sa suna, ko kuwa mai saye ya taya. In tayin bai yi ba, sai mai kaya ya ce albarka. In ya yi, sai ya ce ya sallama, kuma daga wannan kalma farashi ya tsaya, ba mai ikon ƙari ko ragi. Bayan sallamawa ne mai saye, in kuɗinsa ba su cika ba, ya ke ba da kafin alƙalami, don a ajiye masa kayan har ya kawo ciko. Ashe ke nan a wurinmu kafin alƙalami bayan tsayar da farashi ya ke zuwa. A tsarin da za mu duba an juya abin: kuɗi ne ke fara shiga, farashi kuwa sai daga baya.

Yadda Abin Ya Faru

A-kori-kura ba ƙaramar haja ba ce a Amurka. Manomi da magini da mai aikin ofis duka suna hawanta, kuma fiye da shekara 40 a jere babu a-kori-kurar da ta kai jerin F na kamfanin Ford kasuwa a ƙasar. Saboda haka duk kamfanin da ya riga fito da mai lantarki, ya san ya taki babbar sa'a.

Ran 21 ga Nuwamba, 2019, shugaban kamfanin Tesla, Elon Musk, ya nuna wa duniya motar da ya kira Cybertruck. Ya ce iri uku za a yi: ta dala 39,900, da ta dala 49,900, da ta dala 69,900, wadda aka ce caji ɗaya zai kai ta fiye da mil 500. Aka ce za a fara ƙira a ƙarshen 2021. Kuɗin kama layi dala 100 ne kacal, kuma wanda ya fasa za a mayar masa da abinsa. Kafin mako ya zagayo Musk ya ce mutum 250,000 sun sa suna. Amma ba a miƙa motar farko ga mai ita ba sai ran 30 ga Nuwamba, 2023, watau bayan shekara 4. A ranar aka ji sabon farashi: dala 60,990, da 79,990, da 99,990, ita mai arhar ma aka ce sai a jira 2025. Babbar cikinsu kuwa, wadda aka yi wa alkawarin mil 500, sai ta tsaya a wajen mil 320.

Kamfanin Ford ya nuna tasa, F-150 Lightning, a watan Mayu na 2021, shi ma a kan dala 100 na kama layi, ya ce mafi arha za ta fara daga dala 39,974. Jama'a suka yi ca a kanta, har a Disamba na wannan shekara kamfanin ya rufe rajista da sunaye kusan 200,000. An fara ƙira a Afrilu na 2022, kuma gaskiya an fara sayarwa a kan farashin da aka faɗa. Sai dai bai daɗe ba. A Agusta ya koma dala 46,974, a Oktoba 51,974, a Disamba 55,974, a Maris na 2023 ya kai 59,974. Cikin shekara guda an yi ƙarin dala 20,000. Daɗin daɗawa, a Amurka ba Ford ke sayar wa mutum mota kai tsaye ba, dillalai ne masu zaman kansu, kuma su ke da ikon yanke farashin ƙarshe. Waɗansu daga cikinsu suka riƙa ɗora nasu ƙari a kan masu jiran layi, har a Janairu na 2022 kamfanin ya rubuta musu takardar gargaɗi, cewa wanda ya ci gaba da haka zai iya rasa kasonsa na motocin.

Misali na uku ya fi koyar da mu. Kamfanin Rivian dala 1,000 ya kasance yana karɓa don motarsa R1T. Ran 1 ga Maris, 2022, ya sanar da ƙarin wajen kashi 17 cikin ɗari, daga dala 67,500 zuwa 79,500, kuma ya ce ƙarin ya haɗa har da waɗanda suka daɗe a layi. Mutane suka fusata, suka shiga janye sunayensu. Bayan kwana 2 shugaban kamfanin, R. J. Scaringe, ya ba da haƙuri, ya ce duk wanda ya kama layi kafin ranar ƙarin zai biya tsohon farashi. A lura, ba kotu ce ta tilasta masa ba. Tsoron zubewar mutunci ne a idon masu saye.

Abin da Ke Sa Farashi Sauyawa

Kada mu yi saurin cewa duk yaudara ce. Batir shi ne sashe mafi tsada a motar lantarki, a-kori-kura kuwa saboda nauyinta da kayan da ta ke ja tana bukatar babba ƙwarai. Ma'adinan da a ke yin batir da su, kamar litiyam da nikel, farashinsu ba ya hannun mai ƙera mota. A 2022 kuɗin litiyam ya yi tashin gwauron zabo, kuma a Maris na wannan shekara, bayan Rasha ta mamaye Yukren, tan ɗaya na nikel ya haura dala 100,000 a kasuwar ƙarafa ta Landan, har aka dakatar da cinikinsa. Ga ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki da ya biyo bayan annobar korona, ga kuma hauhawar farashi a ƙasar baki ɗaya. Wanda ya yi lissafi a 2019 bai san da waɗannan ba.

Akwai kuma hannun hukuma. Gwamnatin Amurka ta kasance tana yi wa mai sayen motar lantarki rangwamen haraji har na dala 7,500. A Afrilu na 2025 wani sabon kamfani mai suna Slate ya nuna ƙaramar a-kori-kura, yana karɓar dala 50, ya ce in an cire rangwamen za ta kama ƙasa da dala 20,000. A Yuli aka yi dokar da ta kawo ƙarshen rangwamen daga 30 ga Satumba, 2025, kamfanin kuwa ya daina ambaton wancan farashi. Alkawarin an gina shi ne a kan abin da ba mallakar kamfanin ba.

Wa Ke Amfana?

To, in haka abin ya ke, don me kamfani zai yi gaggawar faɗin farashi? Ba don kuɗin kama layin ba ne. Dala 100 sau 250,000 dala miliyan 25 ke nan, abin da ba zai gina ko kusurwar masana'antar mota ba. Abin da kamfani ke nema shi ne adadin sunaye. Da shi ya ke gane yawan motocin da ya kamata ya shirya ƙerawa, wannan kuwa bukata ce ta gaskiya. Da shi kuma ya ke zuwa gaban masu zuba jari ya ce ga kasuwa tana jira. Alal misali, sa'ad da Rivian ya fara sayar da hannun jarinsa a Nuwamba na 2021, ya nuna yana da masu jira kusan 55,000, ya tara wajen dala miliyan dubu 12. Farashi mai sauƙi da ajiya 'yar kaɗan su ke kumbura adadin.

Haɗarin wannan ya bayyana a labarin kamfanin Lordstown Motors na jihar Ohayo, wanda ya ce yana da oda 100,000 ta motarsa Endurance. A Maris na 2021 wani kamfanin bincike, Hindenburg, ya yi zargin cewa yawancin odar ba ta ɗaure kowa ba. A Yuni kamfanin da kansa ya amsa cewa waɗansu maganganunsa a kan odar ba daidai ba ne, shugabansa ya yi murabus, kuma a Yuni na 2023 kamfanin ya durƙushe. Ko manyan ma adadin bai tabbata gare su ba. A 2023 Musk ya ce masu jiran Cybertruck sun wuce miliyan 1, amma a Maris na 2025, da aka kira kusan dukan waɗanda aka sayar don wani gyara, 46,096 ne. Ford ya sayar da Lightning 15,617 a 2022, da 24,165 a 2023, da 33,510 a 2024, kuma a Disamba na 2025 ya sanar da daina ƙera wadda ke aiki da lantarki zalla. Kamar yadda kamfani bai ɗaure kansa da farashi ba, haka mai saye bai ɗaure kansa da saye ba.

Ma'aunin Fiƙihu

Malamanmu sun daɗe da nazarin sayen abin da bai zo hannu ba. Sun halatta cinikin salam bisa sharuɗɗa: a biya kuɗi gaba ɗaya tun farko, a siffanta kayan sarai, a yanke lokacin kawowa. Cinikin arabun kuwa, wanda mai kaya ke cinye ajiyar in mai saye ya fasa, Imam Malik ya kawo hani a kansa a Muwaɗɗa, ko da ya ke Hambalawa sun yarda da shi. Tsarin da muka duba bai shiga ko ɗaya ba. Ba salam ba ne, domin ba a tsayar da farashi ko siffa ko lokaci ba. Ba arabun ba ne, domin ana mayar da kuɗin. Hukunci na malaman fiƙihu ne. Abin da mai nazarin harshe zai ce shi ne, ba a yi ciniki ba tukuna.

Kammalawa

Ga amsar tambayarmu: wanda ya ajiye dala 100 wuri ya saya a layi, da damar a neme shi in lokaci ya yi. Bai sayi mota ba, bai kuma sayi farashi ba. Kuɗin da aka faɗa ran nuna mota suna ne aka sa, ba a sallama ba. Saboda haka mai fassara da ɗan jarida kada su kira wannan ajiya kafin alƙalami, kuɗin kama layi ya fi dacewa, kada kuma su ce an sayar da mota 250,000 alhali sunaye aka rubuta.

Ku ma'aikata da takardun kwangila ke bi ta hannunku, da ku ɗalibai da za ku gaje su, duk sa'ad da aka nemi kuɗi a kan kayan da ba a ƙera ba tukuna, ku nemi amsa huɗu a rubuce: an tsayar da farashi ko ƙiyasi ne? Wace rana za a kawo? In siffar kayan ta sauya, me zai faru? In an fasa, wa ke riƙe kuɗin? Magabata sun ce alkawari kaya ne, sun kuma hana cinikin biri a sama. Wanda zai shiga layi ya shiga, amma ya san biri yana sama har yanzu.