Abin Da Ke Kan Allo Ya Zama Shi Ne A Tukunya

(Jawabin da jami'in yaƙi da jahilci ya yi wa ɗaliban ajin manya masu sana'ar abinci ranar raba takardun shaida)



Na zaga kasuwa da tasha, na ga abin farin ciki. Rumfunan da a da sai an yi tambaya kafin a san abin da aka dafa, yanzu kowace tana da allo a ƙofa. An rubuta tuwon shinkafa, miyar taushe, farfesun kayan ciki, shayi da burodi, ga kuɗi a gefe. Da hannunku kuka rubuta, ba wanda kuka biya. Madalla.

To, amma rubutu ya fi magana nauyi. In ka faɗa da baki, mai saye yana iya sake tambayarka, ya dubi idonka. In ka rubuta kuwa, direban da ya tsaya minti goma ba zai tambaya ba. Ya karanta, ya yarda, ya biya. Watau allon nan alkawari ne ka ɗauka ga duk wanda ya iya karatu.

Bari mu fara da nama, domin a nan aka fi samun rigima. In akuya aka yanka, a rubuta akuya. Naman akuya ba abin kunya ba ne, akwai ma masu son sa fiye da na rago. Laifin shi ne a rubuta rago a karɓi kuɗin rago. Haka kazar gidan gona, kada a kira ta kazar Hausa, balle zabo. Kifin ƙanƙara yana da sunansa, tarwaɗa da karfasa suna da nasu. Naman jiya da aka ɗumama, in mai saye ya tambaya, a gaya masa na jiya ne. Sarkin Fawa yana zaune, ya san dalilin da ya sa baƙo ke jin tsoron tsiren tasha: ana jin labarin masu sayar da naman jaki da sunan na sa. Mutum guda ne zai yi, amma duk masu tukuba su yi asarar ciniki.

Kada ku ɗauka wannan ciwo namu ne mu kaɗai. A watan Janairu na 2013 hukumar kula da abinci ta ƙasar Ailan ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi wa niƙaƙƙen naman da ake sayarwa a manyan kantuna, wanda aka rubuta masa naman sa. Sai ga naman doki a ciki. Da bincike ya yi nisa, aka tarar abin ya bazu a ƙasashen Turai da dama, har akwai abincin da namansa duka na doki ne. Aka kwashe kaya daga kantuna, mutane suka ƙaurace wa irin wannan nama. A 2015 wata kotu a Holan ta ɗaure wani dillalin nama shekara biyu da rabi. Ku lura, a wasu ƙasashen can ana cin doki, yana da kasuwarsa. Abin da ya kai shi kurkuku shi ne sunan ƙarya.

Masu nono, kun san kwalba da nono. In an sirka da garin 'ya'yan kuka ko an ƙara ruwa, ba kindirmo ba ne. Masu shayi, madarar gari da aka dama daban take da ta gwangwani, kuɗinsu ma daban. Man shanu da aka gauraya da wani mai, zumar da aka dafa da sukari, duk hukuncinsu ɗaya.

Akwai kuma inda abin ya wuce kuɗi ya kai ga rai. Mai ciwon suga ya karanta "zoɓo babu sukari" ya sha kofi biyu, alhali an zuba. Mai hawan jini ya roƙa a rage gishiri da dunƙule, aka ce an rage, ba a rage ba. Wasu mutane kuma jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko riɗi ko kifi. Da sun ci sai jiki ya yi borin jini, leɓe ya kumbura, wani ma numfashi ya toshe. A 2016 wata yarinya 'yar shekara 15 ta sayi burodi a filin jirgin saman Landan. Akwai riɗi a cikin ƙullin, ba a rubuta a jikin takardar ba. Ta faɗi a cikin jirgi, ta rasu a ranar. Dalilin haka Ingila ta yi doka, wadda ta fara aiki a watan Oktoba na 2021, cewa abincin da aka naɗe a shago domin sayarwa sai an rubuta duk abin da ke cikinsa. Mu nan yajin tsirenmu da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi, labun kilishi ma gyaɗa ce, miyar taushe haka. Rubuta "akwai gyaɗa" kalma biyu ce kawai, kuma kun iya.

Ta wajen hukuma, an kafa NAFDAC a 1993 domin sa ido kan abinci da magunguna. Akwai kuma dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta hana a yaudari mai saye game da kayan da ake sayar masa. Ta wajen addini, ba zan yi wa Malam Liman shisshigi ba. Kun sha jin yadda Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama, ya tsawata wa mai shi don bai bayyana shi mutane su gani ba.

Na san wata Inna za ta ce, "Malam, kaya sun yi tsada, in na rubuta gaskiya maƙwabciyata za ta kwashe mini masu ciniki." Inna, tsada gaskiya ce. Amma akwai mafita. Ki yi layi biyu a allo: miya da man shanu kuɗinta kaza, miya da man gyaɗa kuɗinta kaza. Mai hali ya zaɓa, marar hali ya zaɓa. Direbobi kuma suna ba juna labarin inda suka ci, daga nan har Legas.

Shawarata ita ce a yi amfani da alli maimakon fenti. Abin da ya ƙare a goge shi nan take. Kuɗi in ya canja a gyara kafin mutum ya zauna, kada sai ya wanke hannu a ce masa an ƙara.

Waɗanda za su ci gaba zuwa aji na gaba, ranar Asabar bayan la'asar kowa ya zo da allon rumfarsa. Za mu karanta su ɗaya bayan ɗaya, mu gyara rubutu, mai allo kuma ya gaya mana abin da ya zuba a tukunya.