Guangzhou ba kasuwa ce kawai ba

A Nassarawa GRA ta Kano ba a rasa alhazan da fasfonsu ya cika da hatimin Sin. Sai dai yawancinsu daga filin jirgi sai unguwar Xiaobei ta Guangzhou, a yi ciniki, a loda kwantena, a juyo Kantin Kwari.

Alhali a cikin birnin nan akwai masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar Sin. Hasumiyarsa mulmulalla ce, ba ado, tsayinta kusan mita 36. An ce da ita jiragen ruwan Kogin Lu'ulu'u ke gane hanya a da. Musulmin Sin suna danganta gininsa ga Sahabi Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, ko da yake malaman tarihin Musulunci sun tafi a kan cewa a Baƙi'a ta Madina aka binne shi.

Wanda ya samu sarari ya ƙarasa Xi'an. Can ne a 1974 manoma masu haƙa rijiya suka gano wurin da aka binne dubban sojojin yumɓu na sarkin farko na daular Qin. Amma abin da zai fi taɓa Bakano shi ne ganuwar birnin, ginin zamanin daular Ming, kewayen kusan kilomita 14. Baƙi na biyan kuɗi su hau, har su tuƙa keke a samanta. Badalar Kano kuwa, wadda Sarki Gijimasu ya fara, shaguna da gidaje sun cinye wurare da dama nata.